Littafin da Ya Tafi Goyon Ciki

Makarantar Littafi Mai Tsarki, bayan Jos
25 ga Agusta

Zuwa ga matata Afiniki,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya kamar yadda nake, in ban da murar da sanyin garin nan ya sa mini. Ruwa kullum, wanki ba ya bushewa. Yaya Dutse, yaya zaman kaɗaici? Ki gaida Baba Fasto da Mama, da maƙwabtanmu Malam Abdulbaƙi da matarsa Murja.

Har yanzu wayoyinmu suna ofis. Mu 'yan shekarar farko ba za a ba mu ba sai hutun Kirsimeti. Burinki dai ya cika, ga mijinki yana rubuto miki wasiƙa da biro kamar mutanen cikin littattafanki. Sai dai kada ki sa ran jin turare a jikin takardar. Ɗanmusa direba ya ce duk Asabar zai riƙa tsayawa a ƙofar makaranta, ya ba ni taki in ba shi tawa.

Na ji daɗi da kika ce an ba ki jagorancin nazari a zumuntar mata. Kada ki ji tsoro. Ki buɗe akwatina, can ƙasa za ki ga ɗan littafin mahaifina, marigayi Baba Mailafiya, mai bayanin bangaskiya ta hanyar tambaya da amsa. Da shi ya yi shekara talatin yana koyarwa a ƙauye, duk gefen shafukan rubutun hannunsa ne. Ki lallaɓa shi, ba mu da wani abu nasa da ya wuce shi.

Darasinmu na makon nan a kan shaida ne. Malaminmu ya ce yawancinmu mun fi iya yi wa baƙo wa'azi a kasuwa da mu buɗe baki gaban abokin da muke cin tuwo tare. Sai na tuna da ke da Murja. Shekara biyu kuna musayar littattafai, ba wanda ya kai ki kusa da ita. Ba ki taɓa tunanin wata rana ki miƙa mata abin da ya fi labarin soyayya ba? Ki yi addu'a a kai.

Naki,
Habila


Dutse
1 ga Satumba

Zuwa ga maigidana, sanyin idanuna,

Salama a gare ka. Muna lafiya ƙalau. Murar nan ka sha citta da kanumfari, kuma ka daina fita ba hula, na san halinka.

Wasiƙarka ta iso ran Lahadi bayan sujada. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon duwatsun nan da ruwa ya wanke, na karanta ta sau huɗu. Na shinshina ta ma, duk da gargaɗinka. Warin mota take yi.

Na sami littafin Baba. Bangonsa ya rabu biyu, sai na yi masa sabo da takardar buhun siminti, irin yadda nake yi wa nawa tun ranar da Mamarmu ta zo ta ga hoton da ke jikin ɗaya ta ce, "Wannan kuma wace ce take yi wa mutane fari da ido a ɗakin ɗana?" Yanzu ya yi tsaf, tsayinsa da kaurinsa kamar ɗan uwansu. Ban zaci zan ji daɗinsa ba, amma ka san Baba yana faɗa da littafin? Inda bai gamsu ba sai ya rubuta a gefe, "A sake dubawa." Wani wuri ya rubuta, "Wannan amsar ta yi wa mai jin yunwa tsawo." Na zaɓi tambaya ta goma sha huɗu, wadda ke magana a kan maƙwabci. Ran Talata zan tsaya gaban mata ashirin da Mama Fasto. Wasiƙarka ce alamar shafina, in na buɗe in fara ganin hannunka.

Maganar Murja kuwa, ka ɗora mini nauyi. Kai kana can cikin malamai, magana tana zo maka da sauƙi. Ni kuwa da wane baki zan fara? Ta san ina zuwa coci, na san tana salla. Ran Sallah ta kawo mini nama, ran Kirsimeti in kai mata shinkafa da kazar da mijinta ya yanka mana. A haka muke, kuma da daɗi. Ina addu'a dai kamar yadda ka ce.

Ita ma tafiya za ta yi ran Litinin. Cikinta ya shiga wata na tara, za a kai ta goyon ciki gidansu, wani ƙauye bayan Garki. Babanta ne limamin garin. Sai ta yi arba'in za ta dawo. Wa zan riƙa yi wa surutu? Ta ce ranar suna ko a bayan akuya ne sai na zo. Ta kuma ce ba za ta shiga mota ba sai na ba ta littafi na uku na labarin da muke karantawa. A na biyu an tsaya inda Zuhair ya yi haɗari a hanyar zuwa wurin Umaima, likita ya fito yana girgiza kai. Ni na gama na ukun, amma na rantse ba zan faɗa mata ko ya tashi ba.

Taka har kullum,
Afiniki


Dutse
8 ga Satumba

Maigida,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki ƙalau, amma hankalina ba ya jikina. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Na ba Murja littafin Baba.

Ba da gangan ba, Allah ne shaidata. Ran Litinin da safe mota ta zo da wuri, direba yana ta hon, Malam Abdulbaƙi yana loda kaya, Murja tana ƙwala mini kira daga cikin mota, "Afiniki, na ukun! Na ukun!" Na shiga da gudu, littattafai biyu a kan tebur, bango iri ɗaya. Na ɗauki ɗaya na cusa mata a jaka ta taga. Har ina ce mata, "Ki karanta a natse, zai canza miki tunani." Ina nufin a kan Zuhair! Ka ji abin da bakina ya faɗa?

Ban gane ba sai ran Talata. Na ɗaura zanen zumunta, na tafi coci. Aka yi waƙa, aka buga tulu, aka yi addu'a. Mama Fasto ta ce, "Yau amaryarmu ce za ta ciyar da mu." Na miƙe, na gaishe su, na ce mu duba tambaya ta goma sha huɗu. Na buɗe littafi. Abin da idona ya fara gani shi ne Umaima ta kifa kai a gadon asibiti tana kuka.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Wata daga baya ta ce, "Ko Ruhu ne ya sauko mata?" Mama ta taso a hankali ta leƙa ta kafaɗata. Ta karanta layi biyu, ta zare littafin daga hannuna, ta sa a jakarta, ta ce wa mata, "'Yarmu za ta yi mana da ka." Na yi da ka ɗin. Abin da na tuna na faɗa, har da maganar Baba ta mai jin yunwa, suka yi dariya. Bayan an tashi Mama ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai, "Wannan zai zauna a wurina tukuna."

Kunyar nan ba komai ba ce. Sai da na hau adaidaita zan koma gida na tuna da alamar shafi. Maigida, wasiƙarka tana cikin littafin. Wadda ka ce in miƙa wa Murja abin da ya fi labarin soyayya. Da sunanta a ciki, da hannunka.

Ka duba yadda abin zai kasance a idonta. Ƙawarta ta naɗe littafin addininta cikin bangon labari, ta cusa mata a jaka tana da tsohon ciki, ta ce zai canza mata tunani, ga kuma takardar miji da ta nuna shiri ne. Kuma a ina za ta buɗe shi? A gidan liman. In ni ce ita, ba zan yarda kuskure ne ba. Za ta ce duk shekara biyun nan lallaɓa ta nake yi. Duk naman Sallah, duk kitson da muka yi wa juna, za ta ce tarko ne.

Na kira wayarta ya fi sau talatin, a kashe. Na san littafin Baba ba shi da na biyu, kuma ka ce in lallaɓa shi. Ka yafe mini. Amma gaskiya ba littafin nake yi wa kuka ba.

Ka gaya mini yadda zan yi.

Afiniki


Dutse
22 ga Satumba

Maigida,

Ina fata kana lafiya. Ni dai ga ni.

Asabar biyu ke nan Ɗanmusa yana dawowa hannu wofi. Ya ce ya bar tawa wurin mai gadi, bai gan ka ba. Na ce ko ka aiko da saƙon baki? Ya ce, "Madam, ko tari ban ji ba." In fushi kake yi, ka rubuto fushin, zan karanta. Shirun nan ya fi mini ciwo.

Wayar Murja har yau a kashe. Malam Abdulbaƙi ya je ƙauyen ran Asabar ya dawo ran Lahadi, kuma tun daga nan ya canza. Da, in ya fito zai tsaya: "Matar Fasto, yaya ɗalibinmu? Ya fara gemu?" Yanzu "ina kwana" kawai, kansa a ƙasa, ya tada babur. Da yakan bar mini makullinsu saboda mai ruwa, wannan makon bai bari ba. Shekaranjiya na dafa dambu na zuba masa a kula, na kai bakin ƙofarsu, sai na kasa sallama. Na dawo da shi na cinye ina hawaye.

Na san za ka ce littattafai ne suka cika mini kai. Wataƙila. Na riga na ga ranar sunan a raina: mata cike da gida, ana rabon waina, wata ta ce ina maƙwabciyar nan taki ta birni, Murja ta kau da kai ta ce, "Wace?" A littafi, in an kai nan, akwai na gaba da zai gyara. Ni ban san ko akwai ba.

Na fitar da atamfar da na saya wa jariri, na mayar, na sake fitarwa.

Afiniki


Makarantar Littafi Mai Tsarki
29 ga Satumba

Afiniki tawa,

Salama. Ina lafiya, mura ta tafi. Ba fushi nake yi ba, ki fara ajiye wannan. An kwashe mu mako uku zuwa wani ƙauye a bayan dutse don koyon aiki, ba sanarwa, ranar da za mu tafi aka faɗa mana. Jiya muka dawo mai gadi ya miƙo mini wasiƙunki biyu a haɗe.

Zan faɗa miki abin kunyata. Da na karanta layin da kika ce kin ba Murja littafin Baba, kafin in kai na ƙasa, sai da na ji daɗi. Na ce matata ta yi ƙoƙari. Da na karanta sauran sai daɗin ya koma mini kunya. Ke kuskure kika yi. Ni kuwa da hankalina na rubuta waccan maganar, ina zaune a aji, ina lissafa Murja kamar aikin gida da aka ba ni. Ban tuna ita ce ta riƙe ki a asibiti lokacin da muka yi ɓari ina wurin aiki ba. Ban janye fatan da nake yi mata ba, don abin da na gaskata ke nan. Amma abin da mutum ya gaskata da baki ake faɗarsa, ido cikin ido, a bar wa mai ji damar ya ce a'a. Baba bai taɓa cusa wa kowa komai a jaka ba.

Ga shawarata. Kada ki ƙara jiran waya. Ki sami Mama Fasto ki gaya mata duka, har wasiƙar. Ku je wurin Malam Abdulbaƙi tare, da rana, ki faɗa masa yadda aka yi tun daga hon ɗin mota. Ki ce ni na rubuta, kuma in na dawo zan zo da ƙafata. In littafin ya salwanta, ya salwanta. Baba ya riga ya gama aiki da shi.

Dambun kuma da kin yi sallama. Mutumin da matarsa ke wata na tara a ƙauyen da ba asibiti kusa, kina tsammanin zai tuna da gemuna?

Naki,
Habila


Dutse
13 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana, wanda ba ya fushi ashe,

Salama da godiya ga Allah. Ina lafiya, lafiya irin wadda na manta da ita. Ka nemi wuri mai inuwa, wannan doguwa ce.

Wasiƙarka ta iso ran Lahadi. Ran Litinin na je wurin Mama na zazzage mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wata guda kina ɗauke da wannan ke kaɗai? To mu zumuntar me muke yi?" Muka zo gida tare, sai muka tarar da kwaɗo a ƙofar Malam Abdulbaƙi. Ran Talata da yamma ina tsakar gida ina tsince shinkafa, na ji babur. Kafin in haɗa kalmomin da na yi kwana biyu ina shiryawa, sai ga shi a gabana da leda, yana dariya har kunne.

"Matar Fasto! An sauka lafiya, mace! Ga goronki da alewa. Suna ran Asabar. Ta ce in gaya miki in ba ki zo ba kada ki ƙara kiran sunanta."

Na ce, "Malam, ni ta ce?"

Ya ce, "Akwai wata Afiniki a gidan nan?"

Ashe ƙafafunta ne suka kumbura, jininta ya hau, shi ya sa ya yi makonni ba ya ganin gabansa. Makullin kuwa mantawa ya yi ta yi da shi a aljihu. Na fara cewa, "Malam, akwai maganar wani littafi..." Ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan ku kuka ƙulla, ku za ku kwance. Ni an hana ni sa baki."

Na koma wurin Mama na roƙi na ukun. Ta ɗauko shi daga ƙarƙashin matashi, ta miƙo mini fuska a ɗaure, ta ce, "Ba na son irin waɗannan littattafan. Yarinyar nan Umaima ta cika kuka. Kuma ƙanin likitan nan tun farko ban yarda da shi ba." Ban yi dariya ba sai da na fita daga layinsu.

Ran Asabar muka tafi da ita, ta ce ba za ta bar ni in je ni kaɗai ba. Hanya duk gero ya yi kai, an fara yankan riɗi. Ni ban ga kyansu ba sai a dawowa. Mun isa an riga an raɗa suna, Rabi'atu. Muna shiga zaure aka ce Malam, baban Murja, yana son ganin baƙuwar Dutse.

Dattijo ne siriri, yana zaune a kan buzu. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya dube ni ya ce, "Ke ce mai zuba sukari a miyar kuka?"

Ka ga Murja ko? Har wannan ta kai gidansu. Na ce, "Allah gafarta Malam, sau ɗaya ne."

Ya yi murmushi. Ya miƙe ya ɗauko wani abu daga saman kanta, can inda littattafansa suke, naɗe cikin farin ƙyalle. Ya ce, "Kwana kaɗan da isowarta ta kawo mini, ta ce ajiya ce ta maƙwabta da ta biyo ta bisa kuskure. Na ga akwai sunan Allah a ciki, ba a barin irinsa a ƙasa inda yara ke wasa. Na wane ne?"

Na ce na surukina ne, ya rasu.

Ya ce, "Na ga alama. Mutumin da ya cinye gefen takarda haka da rubutu ya zauna da littafinsa. Ba hanyarmu ɗaya da shi ba, amma na san irin zaman. Ki mayar wa ɗansa." Har na karɓa da hannu biyu, sai ya ƙara da cewa, "Akwai wasiƙa a ciki. Ta miji da mata ce, ban buɗe ba. 'Yata dai ban ɗaukar mata alkawari ba."

Mama ta taɓa ni ta ce in tashi.

Ɗakin mai jego cike da mata, ga zafi, ga ƙamshin turaren wuta da kunun kanwa. Murja tana kan gado ta sha lalle. Tana ganina ta ce, "Ku ba ni wuri da wannan muguwar." Suka fita suna dariya. Na tsaya a bakin ƙofa da atamfa a hannu kamar mai talla.

Ta ce, "Ya tashi ko bai tashi ba?"

Na ce, "Wa?"

"Zuhair mana! Wata guda da kwana uku! Ina naƙuda ina tunanin mutumin nan!"

Na miƙa mata na ukun. Ta buɗe ta duba shafin farko da na tsakiya, ta tabbatar, sannan ta tura shi ƙarƙashin filo ta ce in zauna. Ta ɗora mini jaririyar a cinya. Maigida, ka ga gashi!

Na ce, "Murja, kin karanta wasiƙar?"

Ta ce, "Sau uku. Mijinki bai iya soyayya ba. Mutum ya yi wata bai ga matarsa ba, abin da zai ce wanki ba ya bushewa?"

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ta bar ni na yi. Sannan ta gyara zama, muryarta ta sauka.

Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji ciwo. Tun kafin mu kai Gujungu na buɗe. Da na ga tambaya da amsa na ce Afiniki ta sake yi. Da na ga wasiƙar kuwa, sai da na yi kwana biyu ba na son jin sunanki. Wayar ma da gangan na bar ta a kashe da farko. Daga baya kuma ba sabis sai an hau tudun bayan gari, ni kuwa da wannan cikin ina zan hau?"

Na ce, "To me ya sa kika yarda kuskure ne?"

Ta ce, "Wata 'yar takarda da kika manta a bayan littafin. Kin rubuta, 'Talata. Kada in yi sauri. In sha ruwa kafin in fara. Kada in kalli Mama.' Na ce wannan baiwar Allah tana can gaban matan cocinsu da Zuhair a hannu. Na yi dariya har Inna ta zaci naƙuda ce. Kuma wadda ta shirya yi mini dabara ba za ta bar takardar da za ta tona ta a ciki ba. Ke ko ƙaryar farashin atamfa ba ki iya ba."

Ta gyara wa jaririya hula. Sai ta ce, "Abin da mijinki ya rubuta kuma, na juya shi na juya. Daga baya na ce, to ni fa? Tun ranar da muka dawo daga asibitin nan, ba sallar da zan yi ban roƙa miki shiriya ba. Da sunanki. Na taɓa gaya miki?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To kin gani. Kina can kina yi mini, ina nan ina yi miki, kowa na ɓoyewa kamar ta saci nama. Ni ba zan bar addinina ba, Afiniki, ki sani. Ke ma na san kanki kamar dutsen garinku. Amma in kina da magana ki faɗa mini da bakinki, in ba ki amsa da nawa. In mun gaji mu koma kan Zuhair. Ban da cusawa a jaka."

Na ce, "Ban da cusawa a jaka."

Muka ci waina da miyar taushe har na kasa tashi. Mama kuwa ta samu Innar Murja suna ta hirar ciwon gwiwa kamar sun shekara da sanin juna. Da za mu tafi aka cika mana leda da gyaɗa da ƙullin riɗi.

Na cire wa littafin Baba takardar siminti. Na ɗinke tsohon bangonsa da zare, sunansa a fili, yana kan tebur inda duk wanda ya shigo zai gani. Nawa ma na cire musu. In Mamarmu ta zo, ta yi haƙuri da masu fari da ido.

Saura abu ɗaya. Murja ta ce kafin ta kai wa babanta ta ɗan duba shafin da wasiƙar take. A gefen tambaya ta goma sha huɗu Baba ya rubuta, "Amsar wannan ita ce Lado." Ba ƙari. Ta ce abin ya tsaya mata a rai fiye da Zuhair. Ni ma na gani tun farko ban gane ba. Wane ne Lado? Tambayarta ta farko ke nan, kuma ba ni da amsa.

Taka, mai sauƙin zuciya yau,
Afiniki


Makarantar Littafi Mai Tsarki
20 ga Oktoba

Afiniki, hasken gidana,

Salama. Ina lafiya. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, har Ɗanmusa ya ce in dai dariya zan yi ta yi shi zai wuce. Allah ya raya Rabi'atu. Ki gaida mai jego, ki ce na ji saƙonta.

Lado maƙwabcin gonar Baba ne, musulmi. Lokacin da dawa ta nuna tsuntsaye suka sauko, ba mai iya barin gona ko na rabin yini. Sai suka shirya: ran Lahadi Lado ya tsare gonaki biyu Baba ya tafi sujada, ran Juma'a Baba ya tsare Lado ya tafi masallaci. Sauran kwanaki biyar kuwa gardama suke yi a kan iyaka, kowa da fartanyarsa, kowa yana son ya ja ɗaya zuwa hanyarsa. Tun ina yaro nake jin su har na yi gemun da Malam Abdulbaƙi ke nema. Ba wanda ya ja wani. Ranar da Baba ya rasu, Lado ne ya fara sara ƙasar kabarin, yana kuka yana cewa an tafi an bar shi da magana a baki.

Ki faɗa wa Murja haka, da bakinki. In na dawo hutu zan je in gaida Malam, in yi masa godiyar farin ƙyalle.

Kuma ki gaya mata ta janye maganarta. Ki shinshina takardar nan. Turaren abokin ɗakina ne, na roƙa, ya ce in ɗiga kaɗan, hannuna ya zarce.

Wanki dai har yanzu ba ya bushewa.

Naki,
Habila